George Streisinger: Ɗan gudun hijirar da ya buɗe ƙofar sanin yadda kan ɗan kifi ke ginuwa

Manomin Funtuwa ko na Malumfashi ba ya buƙatar dogon bayani a kan muhimmancin iri. Tun kaka da kakanni, idan an yi girbi, zangarniyar da ta fi cika ido ake warewa a rataye, domin an san abin da aka shuka shi ke tsirowa. A 'yan shekarun nan kuma wani sabon iri ya shigo yankin, wato 'ya'yan tarwaɗa. Ban da masuntan da ke jefa koma a madatsun ruwa irin su Mairuwa, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun gina tafkunan siminti ko sun kafa na tamfol a bayan gida. Masu ƙyanƙyasar kifi sun saba ganin wasu 'ya'yan sun fito da karkataccen baki, ko gajeren kai, ko muƙamuƙin da ba ya rufuwa. Irin waɗannan ba sa cin abinci yadda ya kamata, sai su tsumbure ko su mutu, kuɗin da aka zuba su bi ruwa. Daga iyaye matsalar take, ko daga ruwa, ko daga abinci?

Kimiyyar da ke amsa wannan tambaya a yau tana da tushe a aikin wani masani mai suna George Streisinger, wanda ya rasu a shekarar 1984. Bai taɓa kiwon tarwaɗa ba. Kifin da ya zaɓa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ya yi fiye da shekara goma yana renon sa kafin ya samu abin da zai nuna wa duniya.

Daga Budapest zuwa New York

An haifi George Streisinger a birnin Budapest na ƙasar Hangari ranar 27 ga Disamba, 1927, a gidan wasu Yahudawa 'yan kasuwa. Ya taso ne a lokacin da guguwar 'yan Nazi ke kaɗawa a Turai. A 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, maƙwabciyar Hangari, ita ma gwamnatin Hangari ta soma kafa dokokin takura wa Yahudawa. Iyayensa sun ga alamar hadari tun kafin ruwa ya sauko, suka kwashe iyali zuwa birnin New York na Amurka yana da shekara 10.

A can ya shiga makarantar sakandaren kimiyya ta unguwar Bronx, ya kammala a 1944. Yaro ne mai son ƙananan halittu, kuma tun yana ɗalibi ya samu damar taimaka wa Myron Gordon, masanin da ke nazarin gado a jikin ƙananan kifayen ado. Ya kuma yi aiki da Theodosius Dobzhansky, ɗaya daga cikin manyan masana ilimin gado na wancan zamani. A 1944 sunansa ya fito tare da na Dobzhansky a wata maƙala kan yadda ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace ke zaɓen abokan barbara. Shekarunsa 16 a lokacin.

Ya yi digirin farko a Jami'ar Cornell, ya kammala a 1950. Shekara guda kafin haka ya auri Lotte Sielman, wadda ita ma ta gudo daga Jamus tana ƙarama, daga baya kuma ta yi suna a sana'ar ginin tukwane. Digirinsa na uku a Jami'ar Illinois ya yi shi, a hannun Salvador Luria, ya gama a 1953. Daga nan ya wuce cibiyar Caltech da ke Kalifoniya, inda Max Delbrück ke jagorantar wani rukunin matasan masana. Luria da Delbrück duka sun samu lambar yabo ta Nobel a 1969.

Shekarun bairas

Abin da wannan rukuni ya sa a gaba shi ne wasu ƙwayoyin bairas masu kama bakteriya. Sun zaɓe su ne saboda sauƙinsu: cikin ƙasa da sa'a guda ƙwaya ɗaya ta haifi ɗaruruwa, mai bincike kuma ya ga sakamakon gwajinsa washegari. Streisinger ya ƙware a kan wanda ake kira T4. Bayan ya yi aiki a Cold Spring Harbor, ya kuma zauna na ɗan lokaci a Kambirij ta Ingila tare da Sydney Brenner, sai ya koma Jami'ar Oregon da ke garin Eugene a 1960. A nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

A farkon shekarun 1960 masana sun fahimci cewa saƙon gado da ke cikin DNA ana karanta shi ne harafi uku-uku, kowane uku na nufin tubali guda na ginin furotin. Idan harafi ɗaya ya ɓace, duk abin da ya biyo baya zai rikice, kamar mai lissafin da ya tsallake layi guda a littafin bashi. Idan kuma aka ƙara wani harafin a kusa, karatun zai dawo kan hanya. A 1966 Streisinger da abokan aikinsa, ciki har da masana daga Japan, suka nuna haka ƙuru-ƙuru a jikin wani furotin na T4: tubalan da ke tsakanin wurin ɓacewar da wurin ƙarin ne kaɗai suka canja. Ya kuma bayyana yadda irin wannan kuskure ke aukuwa, wato zarurrukan DNA biyu su zame wa juna a inda harafi ɗaya ya maimaitu. Har gobe ana koyar da wannan bayani da sunansa. A 1975 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka.

Da ya so, da ya ci gaba da cin gajiyar wannan suna har ya yi ritaya. Amma zuwa ƙarshen shekarun 1960 manyan wannan fage sun soma jin cewa bairas ya gama ba su abin da zai iya. Ba shi da ido, ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da kai. Brenner ya koma kan wata ƙaramar tsutsa, Seymour Benzer ya koma kan ƙuda. Streisinger ya ce shi sai dabba mai ƙashin baya, dangin mutum a tsarin jiki.

Dalilin zaɓen ɗan kifi

Ɓera ne dabbar da aka saba gwaji da ita, amma ɗan tayin ɓera yana ɓoye a cikin uwarsa, haihuwar kuma ba ta da yawa. Streisinger ya tuna da kifayen ƙuruciyarsa, ya zaɓi wani da ake sayarwa a shagunan kifin ado. Ana kiran sa kifin zebra saboda zanen da ke jikinsa irin na jakin dawa. Asalinsa daga Indiya da Bangaladash da maƙwabtansu yake, inda yake rayuwa a ƙoramu da fadamun shinkafa. Tsawonsa santimita uku zuwa huɗu ne.

Amfaninsa a fili yake. Macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa a mako. A cikin ruwa ake barbarar ƙwan, ɗan tayin kuma garau yake kamar gilashi, ta yadda mai duba shi da madubin ƙara girma zai ga ido na fitowa, zuciya na soma bugawa, tun a kwana na farko. Cikin kwana biyu zuwa uku ya ƙyanƙyashe, a kwana na biyar ya fara cin abinci, bayan kimanin wata uku shi ma ya isa haihuwa.

Sai dai akwai babban cikas, kuma mai karatu ya san shi ta hanyar cutar sikila. Kowace halitta irin wannan tana gadon kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yawancin lahani ba ya bayyana sai kwafi biyun sun lalace. Mai jinin AS lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Haka abin yake a kifi. Kafin mai bincike ya ga lahanin da ke ɓoye, sai ya haɗa kifaye har zuriya uku, yana ciyar da dubbai a ɗaruruwan tankuna. Ƙaramin ɗakin bincike ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Shekaru goma na haƙuri

Streisinger ya ƙudurta samar da kifin da zai gaji uwarsa kaɗai, domin duk abin da ta ɓoye ya fito fili a 'ya'yanta. A wani tsohon ɗaki mai rufin kwano da ya rage tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka jera tankunan. Babbar mataimakiyarsa ita ce Charline Walker, wadda ta tsaya tare da shi tun daga farko. Kafin a kai ga gwajin gado, sai da suka koyi abubuwan da kowane mai kiwon kifi ya sani: irin ruwan da ya dace, zafinsa, abincin jarirai, da yadda ake kauce wa cututtuka. Shekaru suka yi ta wucewa babu wata maƙala a kan kifin, wasu abokan aikinsa har sun soma ganin ya ɗauko abin da ba zai kai ba.

Dabarar da suka gano ita ce, a haska maniyyin namiji da hasken ultrabayolet har saƙon gadon da ke cikinsa ya lalace, amma ya kasance yana iya iyo ya tayar da ƙwai. Ƙwan da aka tayar haka yana soma girma da rabin kayan gado, na uwa zalla. Irin wannan ɗan tayi ba ya wuce 'yan kwanaki, amma kwanakin sun isa a ga siffar kansa da jikinsa. Idan ana son ya rayu, sai a tsoma ƙwan cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, ko a matse shi da matsin ruwa mai ƙarfi, a daidai lokacin da zai rabu gida biyu a karon farko. Rabuwar sai ta fasa, kayan gadon su ninku, kifin ya samu kwafi biyu iri ɗaya sak. Macen da aka samu ta wannan hanya, idan aka sake tayar da ƙwanta ba tare da gadon namiji ba, 'ya'yanta duka kwafinta ne.

A watan Mayun 1981 mujallar Nature ta buga sakamakon, ta kuma sa hoton kifin a bangonta. Jaridu sun fi mayar da hankali kan batun kwafin halitta, suna tambayar ko gobe mutum za a kwafa. Abin da ya dami Streisinger daban ne. Ya samu hanyar tono ɓoyayyen lahani cikin zuriya ɗaya. A 1983 shi da abokan aikinsa suka nuna yadda za a jawo sauyin gado a kifin da hasken gamma, sannan a bi sawunsa. Burinsa shi ne ya fahimci yadda ido da jijiyoyi ke ginuwa.

Bai kulle kansa a ɗakin bincike ba. Ya fito ya yi adawa da yaƙin Biyetnam, ya kuma shiga sahun masu yaƙi da fesa magungunan kashe ciyawa masu gurɓin dayoksin a dazukan Oregon, yana amfani da iliminsa wajen bayyana haɗarin da ke cikinsu.

Ranar 11 ga Agusta, 1984, yana nutso kusa da garin Florence na gaɓar Oregon, zuciyarsa ta buga, ya rasu yana da shekara 56. Shekara uku kacal ke nan da fitowar maƙalar da ya yi wa wahalar shekara goma.

Abin da kifin ya nuna game da kai

Rasuwar tasa ta kusa tafiya da aikin, domin ɗakunan binciken da ke amfani da kifin ba su da yawa. Abokan aikinsa na Oregon ne suka riƙe amanar: Charles Kimmel da Monte Westerfield da Judith Eisen, tare da Charline Walker da ta ci gaba da kula da kifayen. A 1991 suka ba da rahoton wani kifi da idanunsa biyu suka haɗe a tsakiyar fuska. Suka raɗa masa suna cyclops, sunan wani dodo mai ido ɗaya a tatsuniyoyin Girkawa. Wannan kifi ya taimaka wajen tabbatar da cewa idanu biyu daga fili ɗaya suke farawa a gaban ƙwaƙwalwa, sai wani saƙo ya zo daga tsakiyar ɗan tayin ya raba su dama da hagu. Idan ƙwayar gadon da ke aika saƙon ta lalace, rabuwar ba ta yiwuwa.

Ganin haka, manyan cibiyoyi suka shigo. Christiane Nüsslein-Volhard a garin Tübingen na Jamus, da Wolfgang Driever da Mark Fishman a Boston ta Amurka, suka tace dubban iyalan kifi suna neman masu lahani. A Disambar 1996 mujallar Development ta ware fitowa guda sukutum, maƙala 37, domin sakamakon. Biyu daga cikinsu sun bayyana kifaye 109 masu lahani a muƙamuƙi da guringuntsin maƙogwaro.

Daga waɗannan bincike hoton ya fito sarai. A kwana na farko, wasu ƙwayoyin jiki na musamman suna tasowa daga gefen abin da zai zama ƙwaƙwalwa, su yi ƙaura ayari-ayari zuwa gefen kai. A can suke cika wasu lanƙwasassun ginshiƙai guda bakwai a kowane ɓangare. Na farko shi ke zama muƙamuƙi, na biyu ya zama abin da ke tallafe shi, sauran biyar kuma yawancinsu su ke ɗaukar gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su. Kowane ayari yana buƙatar umarni: inda zai tsaya, yawan da zai yi, da siffar da zai ɗauka. A shekarar 2000 masanan Oregon suka gano cewa wani kifi mai suna sucker, wanda muƙamuƙinsa na ƙasa ya tsuke, ya rasa ƙwayar gadon da ake kira endotelin 1 ne, wadda ke sanar da ƙwayoyin cewa su ne na ƙasa.

Ɗan tayin mutum ma yana da irin waɗannan ginshiƙai a makonnin farko na ciki. Daga na farko muƙamuƙi da biyu daga cikin ƙananan ƙasusuwan kunne ke fitowa, na ukun kuma daga ginshiƙi na biyu. Daga baya likitoci sun gano cewa lalacewar wannan hanya ta endotelin tana haddasa wata larura a jarirai, mai zuwa da ƙaramin muƙamuƙi da naƙasar kunne. A 2003 aka gano cewa wani kifin mai lahani a kunne da maƙogwaro ya rasa ƙwayar gadon tbx1, wadda ke da hannu a larurar DiGeorge ta ɗan Adam. Da aka kammala karanta dukkan saƙon gadon kifin a 2013, sai aka tarar kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon mutum suna da takwara a jikinsa. Shi ya sa masu binciken tsagewar leɓe da ganda a jarirai suke amfani da shi a yau.

Darasi ga mai tafki

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, kuma yawancin 'ya'yan da ake zubawa a tafkuna daga ƙananan wuraren ƙyanƙyasa suke fitowa. A kan yi wa mace allurar da ke sa ƙwai ya nuna, a tatse shi, a yanka namiji a ɗebi maniyyinsa a gauraya, cikin kimanin kwana guda ƙwan ya ƙyanƙyashe. Da yake mace guda na ba da dubban ƙwai, abu ne mai sauƙi mutum ya zaɓi iyayen baɗi daga cikin 'ya'yan bana, ya haɗa wa da ƙanwa ba tare da ya lura ba. Idan aka maimaita haka shekara da shekaru, ɓoyayyun lahani sai su riƙa haɗuwa bibbiyu. Abin da Streisinger ya sha wahala ya yi da gangan domin ilimi, mai ƙyanƙyasa yana iya yin sa cikin rashin sani, ya kwashi asara.

Ilimin da ya bari yana ba da hanyar rarrabewa. Idan 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, aka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun fito da lahani iri ɗaya tun kwanakin farko, alhali na wasu iyayen da ke cikin ruwa ɗaya lafiyarsu ƙalau, to zargi ya fi ƙarfi a kan gado. Maganinsa shi ne a daina haɗa waɗannan iyaye, a nemo wasu daga nesa, a kuma riƙa rubuta asalin kowane kifi. Idan kuwa lahanin ya game 'ya'yan iyaye daban-daban, sai a duba ruwa: zafi ko sanyin da ya wuce kima lokacin ƙyanƙyasa, ƙarancin iska, ko gurɓatar magungunan gona. Kwanakin da ƙwayoyin ke ƙaura suna gina kai su ne mafi haɗari, domin abin da ya karkace a lokacin ba ya miƙewa. Ita kuwa fashewar kai da ake gani a tarwaɗar da ta tasa, an fi danganta ta da ƙarancin bitamin C, wanda ke lalacewa idan abincin kifi ya daɗe a ajiye cikin zafi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja na daga cikin wuraren da ke aikin inganta irin kifi, kuma mai neman iyaye masu asali zai iya farawa da tuntuɓar ta.

A Jami'ar Oregon akwai ginin bincike mai ɗauke da sunan Streisinger. A jami'ar kuma aka kafa cibiyar da ke adana nau'o'in kifin zebra tana aika su zuwa ɗakunan bincike a faɗin duniya, tare da rumbun bayanansa na intanet. Wasu daga cikin kifayen da ake rarrabawa a yau jikokin waɗanda shi da Charline Walker suka rena ne a wancan ɗaki mai rufin kwano.